Zauren Da Muke Karatu A Birni

Ko kana Maraɗi, ko Tawa, ko Yamai, ko wani ƙauye nesa da hanyar mota, na san ba ka manta da damanar 2024 ba. Ruwa ya yi yawa a ƙasarmu duka. Mutane fiye da 300 suka rasu, waɗanda abin ya shafa kuwa sun fi miliyan 1. A watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi. Masallacin ƙasa ne, an gina shi tun tsakiyar ƙarni na 19. Kakannin kakanninmu sun yi salla a ciki. Ruwa ya jiƙa shi, ya zube.

Tun daga ranar, magana ɗaya ta cika unguwa. Kowa na cewa: a rushe tsohon gini tun bai rushe a kanmu ba.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Na yi makarantar horon malamai, yanzu ina karantar da manya a zauren wani tsohon gida a cikin Birni. Gidan nan ma an so a rushe shi. Labarinsa nake so in ba ka, don kai ma kana da ginin ƙasa. In ba ɗakinka ba, to, masallacin garinku ne ko zauren maigari.

Bari in fara gaya maka mene ne Birni, don wanda bai taɓa zuwa Damagaram ba. Birni ita ce tsohuwar unguwa, inda fadar Sarkin Damagaram take. Gidaje suna tsakanin manyan duwatsu. Lungunan ƴan ƙanana ne, wani ko amalanke ba ya shiga. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ƙarfafa ganuwar gari, har ya sa aka ƙera igwa a nan. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852. Faransawa sun ci garin a 1899. Nan ne babban birnin ƙasa har 1926, lokacin da aka mai da shi Yamai. Ganuwar Tanimun yau sai ɗan guntu nan, ɗan guntu can. Amma gidaje da yawa suna nan da zankwayensu, da zanen da magina suka yi a bakin ƙofa.

A 2006 ƙasarmu ta rubuta sunan Birni da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take so hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihi na duniya. Tsohon garin Agadas an karɓe shi a 2013. Wannan abin alfahari ne, ban musa ba. Sai dai takarda ba ta yi wa bango yaɓe. Mai gida ne ke yi, da kuɗinsa da guminsa.

Gidan da muke karatu na wani attajiri ne da ya rasu tun ban zo duniya ba. An ce fatauci yake yi tsakanin nan da Kano. Ya bar zaure babba mai bakan gizo huɗu da suka haɗu a tsakiya, da soro, da ɗakuna a baya. A saman ƙofa akwai zanen dagi. Magada sun kai 14. Waɗansu suna Yamai, waɗansu suna Najeriya. Waɗanda ke kwana a gidan su ne wata tsohuwa, ƴar mai gidan, da matar jikanta da yara 3. Tsohuwar ce ta ba mu aron zaure, muka jingina allo a bango, muka shimfiɗa tabarmi. Maza suna zuwa bayan sallar isha'i, mata da la'asar.

Bayan masallaci ya faɗi da kwana kaɗan, wani jikan mai gidan ya zo daga Yamai. Mutum ne mai hankali, yana da abin hannunsa. Ya zagaya gidan, ya ga tsaga a ɗakin baya, ya ga gindin bango ya zaizaye. Ya tara dangi ya ce a kawo mota ta ture gidan duka, a gina shaguna 4 na siminti a gaba, ɗakuna a baya, kuɗin haya a riƙa rabawa.

Kada ka yi saurin zaginsa, mai karatu. Maganarsa tana da tushe. Ɗakin da ya tsage, a cikinsa yaran ke kwana. Uwarsu ta gaya mini duk daren da hadari ya taso, zaune take kwana, kunnenta na kan rufi. Wanda ke kwana a ɗakin siminti ba shi da bakin da zai ce mata ta yi haƙuri saboda tarihi. Ga kuma maganar gado. Gida ɗaya, mutum 14, wa zai fidda kuɗin gyara? Kowa na jiran ɗan'uwansa. Wanda ke nesa yana cewa ai ba ni ke kwana ciki ba. Wanda ke ciki yana cewa ai ba nawa ba ne ni kaɗai. Haka gidaje da yawa suka zama kango a Birni, ba wanda ya ɗaga musu gatari.

Tsohuwa dai ta ƙi. Ta ce da jikan: "Ɗan nan, a ɗakin can aka haife ni, a zauren nan aka ɗaura mini aure. Ku bari ku kai ni kushewa tukun." Shi kuma ya ce: "Hajiya, tsoron da nake ji kada gidan ya zama kushewar." Aka tashi ba a shirya ba.

Cikin ɗalibaina akwai wani tsohon magini. Ya haura shekara 60, bara waccan ya fara rubuta sunansa. Da ya ji maganar, ya ce mini: "Mushe, kafin a yanka saniya ai sai a duba ko ciwon mai warkewa ne." Na ce: "Baba, to, ka duba mana." Washegari ya zo da wuƙa da ɗan sanda. Na bi shi da littafi ina rubuta abin da yake faɗa. A wunin nan na koyi abin da ba a koya mini a makarantar malamai ba.

Bai fara da tsagar ba. Sama ya hau. Ya nuna mini indararo 2 da suka toshe da leda da kashin tantabara. Ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a kan rufi, ya bi ta jikin bango. Ya ce ginin ƙasa wuri 2 yake jin tsoron ruwa: kansa da ƙafarsa. In rufi na zubar da ruwa nesa, gindin bango kuma a bushe, bango yana iya ganin jikokin jikokinka.

Sannan muka sauko gindin bango ta waje. Lungu ya fi gidan tudu yanzu, saboda shara da ƙasar da ake zubawa shekara da shekaru. Ruwan wanka na gidan maƙwabta yana kwanciya a nan rani da damana. Ƙasar wurin ta yi laushi kamar gari, tana da fari-fari irin na kanwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bangon gaba. Shekarun baya wani daga cikin magada ya yi abin kirki a ganinsa, ya sa aka shafe shi da siminti. Magini ya ƙwanƙwasa da sanda. Sai ka ji ƙara kamar ganga. Ya ce in sa kunne. Ya ce siminti da ƙasa ba sa zama tare. Rana ta yi zafi, dare ya yi sanyi, siminti ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin ƙasa a ɓoye. Daga waje bango yana da kyau, ciki kuwa ya ruɓe. Da yaɓen ƙasa ne, da rana ta fito sai ya bushe. In ya lalace kuma ido na gani, a gyara. Muka ɓamɓare wani wuri da hannu, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo, ga shi an kwana biyu ba a yi ruwa ba.

A cikin zaure ya bi azara ɗaya ɗaya yana soka wuƙa. Azara, ka sani, itacen giginya ne da aka tsaga. Na namijin giginya ya fi ƙarfi, gara ba ta cika cin sa ba. Wuƙa ta ƙi shiga. Ya ɗaga kai ya dubi bakan gizo ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce wanda ya ɗaura wannan ya san aikinsa, yau a garin nan masu iya shi ba su da yawa.

Da muka isa ɗakin baya, bai ɓata lokaci ba. Tsagar ta taso daga ƙasa har sama, hannu na shiga, bango ya karkata waje, azara 3 sun ruɓe a inda suka shiga bango. Ya ce: "Wannan ya mutu. A fidda yaran yau." A daren nan suka koma soro.

To, ka ga amsar ba ɗaya ba ce. A gida ɗaya akwai ɗakin da ya kamata a rushe, akwai zauren da rushe shi ɓarna ce. Mota mai ture gini ba ta san wannan bambanci ba.

Na tambayi maginin me ya sa mutanen da suka iya riƙe gidajensu, mu muka kasa. Ya ce da, in damana ta wuce, kowane gida sai an taɓa shi. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu, a yi yaɓe. Masu hali suna sa makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Attajirai da sarakai suna sa laso a rufi. Laso kuwa da katsi ake yin sa, wato abin da ke kwanta a gindin rijiyar marina, a haɗa da gashin da majema suka kankare, da dafara. Yanzu marina sun ragu, ina za ka samu katsi? Giginya ta yi ƙaranci, ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan daji. Wuraren da ake ɗibar ƙasa sun zama gidaje, sai an yi hayar amalanke daga nesa. Ga ruwa. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san wahalar ruwan rani. Mutumin da ke sayen ruwan sha jarka jarka, da wuya ya zuba shi a kwaɓin ƙasa. Samari kuma ba sa son koyon aikin, suna ganin ginin ƙasa ginin talauci ne.

Wannan magana ta ƙarshe tana ci mini rai. A garin Yama, cikin jahar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, daga baya aka ƙara masa hasumiyoyi 4. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake bai wa gine-ginen da suka yi fice a ƙasashen Musulmi. Mutane suna tasowa daga ƙasashen waje don su gan shi. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, ta ƙasa ce, tana tsaye. Talauci ne ya gina waɗannan?

Akwai kuma labarin Dandaji, shi ma a jahar Tawa. Masallacin garin ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, aka yi niyyar rushe shi a gina sabo. Wata ƴar ƙasar nan mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, ƴar Iran, suka kawo wata shawara. Aka gina sabon masallaci a gefe da tubalin ƙasa da inji ya matse. Tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, inda yara ke bita, manya maza da mata ke koyon karatu. An gama aikin a 2018. Da aka ba tsohon gini sabon aiki, sai aka samu masu share shi da masu lura da rufinsa.

Wannan labari na karanta wa ɗalibaina a aji, muka rubuta shi a allo. Wata mai sayar da ƙosai ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ai mu ma haka ne. Zauren nan da ba mu shigo ba, da awaki ke kwana ciki." Gaskiya ta faɗa. Ɗakin da ake shiga kullum, in ɗigo ya fara, a ranar za a gani. Ɗakin da aka kulle, sai rufi ya faɗo ake sani.

Da jikan ya dawo, magini ya zagaya da shi, ya ba shi sanda ya ƙwanƙwasa simintin da kansa. Aka yi zama 3 kafin a daidaita. Jikan ya ce shi ba ƙin gidan kakansa yake yi ba, amma ba zai zuba kuɗi a abin da ba ya kawo ko dala ba, shekara mai zuwa a sake kiransa. Ni a ganina nan ya fi kowa gaskiya. Tsohon gida in ba ya ciyar da kansa, wata rana masu ciyar da shi za su gaji.

Ga abin da aka shirya. Ɗakin baya a rushe shi da hannu, a tsince azara masu kyau, a sake gina shi a kan tushen dutse. Ɗakin da ke gefen zaure, wanda aka cika da tarkace, a fasa masa ƙofa ta lungu ya zama shago. Wani baduku ya karɓe shi haya, yana ɗinka jakunkuna da takalma. Zaure ya zama ajinmu, ƙungiyar ɗalibai tana biyan ɗan abin da ta iya kowane wata. Kuɗin hayar nan ba a raba shi sai an fidda na yaɓen shekara, an ajiye a hannun mutum 2, ɗaya namiji ɗaya mace. Abin da ya rage a raba yadda shari'a ta ce.

An rubuta wannan duka a takarda da Hausa, da boko da ajami, a gaban mai unguwa da liman. Matar jikan, uwar yaran nan, ɗalibata ce tun shekara 2. Ita ta tashi ta karanta takardar da ƙarfi, tana bin layi da yatsa. Da ta zo wurin da aka ce wanda ke kwana a gidan shi zai share indararo kafin ruwan farko, ta tsaya ta ce a ƙara cewa maza su kawo tsani. Aka yi dariya, aka ƙara. Magini ya sa hannu a matsayin shaida, da rubutunsa, ba da dangwala yatsa ba.

An fara aiki a farkon 2025, lokacin sanyi, tun tafki bai ƙafe ba. Aka ɓamɓare simintin gaba duka. Aka cike gindin bango da sabuwar ƙasa kaɗan kaɗan, in wannan ya bushe a ƙara wani. Aka tsawaita indararo don ruwa ya faɗi nesa da bango. Ɗalibai maza suka ba da ranar Lahadi 2 suna kwaɓa ƙasa da ƙafa, mata suka ɗebo ruwa. An sayi siminti, kada ka ce ba a saya ba. Amma a makewayi aka sa shi, da wurin wanka, da lambatun da ke fidda ruwa zuwa bakin hanya. Nan ne wurinsa. An kuma sa allon hasken rana a kan rufi, bisa ƙafafun ƙarfe, yadda ba a huda rufin ba. Yanzu muna karatun dare ba da fitilar hannu ba.

An yi ɗan rikici a kan ƙofar shago. Baduku yana son ta faɗi, a gaba, inda masu wucewa za su gani. Wurin kuwa ya ci gefen zanen dagi. Magini ya ajiye kayan aikinsa ya ce sai dai a nemi wani. Aka mai da ƙofar gefe. Baduku har yau yana gunaguni, yana cewa ciniki ya fi a gaba. Wataƙila da gaskiyarsa. Zanen kuma magini ya bi shi da yatsa ya tayar da inda ya goge, wani yaro ɗan shekara 15 yana miƙa masa ƙasa yana kallo. Yaron bai bar shi ba har yau.

Wani abu da babu wanda ya yi gardama a kansa shi ne sanyi. A watan Afrilu, da tsakar rana, shiga shagon siminti mai rufin kwano, sannan ka shigo zaurenmu. Bangon yana da kauri, a gindi ya kusa tsawon hannu. Zafin rana ba ya ratsa shi sai dare ya yi. Mata suna zuwa aji tun kafin lokaci don su huta.

Ba duka gidajen lungunmu suka samu haka ba. Na uku daga namu, magada sun sayar, wanda ya saya ya ture shi cikin wuni ɗaya. Yana da ƙofa mai zane wadda ta fi tamu kyau. Magini ya je ya roƙi a bar shi ya tsince azara, aka ce ya makara, an sayar wa mai gidan burodi ya yi makamashi. Yanzu bene ne a wurin, kuma ruwan rufinsa a kan bangon maƙwabciyarsa yake zuba. Wannan ma wata shari'a ce da ke gaban mai unguwa.

In kana da tsohon gini da kake tsoro, ga abin da na rubuta daga bakin maginin. Tsagar da ke kan yaɓe kawai, wadda ba ta shiga ciki ba, ba ta da haɗari. Wadda ke ƙara buɗewa ita ce abin tsoro. Ka liƙa ɗan yaɓe a kanta, ka rubuta ranar a littafinka, ka duba bayan mako 2. In yaɓen ya tsage, bango na tafiya, a fidda mutane, a kira magini. Ka soka wuƙa a azara daidai inda ta shiga bango, don a nan take fara ruɓewa. In kuma gidan na gado ne, ku zauna ku rubuta wanda zai yi me, tun hadari bai taso ba.

Damanar 2025 ta zo ta wuce, zaure bai yi ɗigo ba. Yaran sun koma sabon ɗakinsu. Bangon gabas na soro shi ne ya rage, magini ya ce ba zai kai damana 2 ba in ba a taɓa shi ba. Kuɗin da ke cikin asusu bai kai ba tukuna, an aika wa na Yamai da na Najeriya takarda.